Tukwanen Giya a Cikin Alhazai

Abin da na fara saya a Guangzhou giya ce, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kan haka ba. Ko jakata ban kai masauki ba na shiga wani ɗan kanti a unguwar Xiaobei, na nuna kwalba, matar ta ɗaga mini yatsu biyar. Yuwan biyar a kuɗin ƙasar, babbar kwalba. Na zaci ban fahimce ta ba ne sai da ta miƙo mini canji. Jiya-jiya a filin jirgin Addis na biya kuɗin rabin kiret na Kaduna a kan 'yar ƙaramar kwalba ɗaya, ina biya ina tsaki.

Kada ku ɗauke ni mashayiya. Sunana Lami, jikar Maguzawan ƙasar Kafur, a coci aka yi mini baftisma, a Kaduna na girma. Innata burukutu ta dafa har ta koma ga Allah, da shi ta biya mini makaranta. Ni kuma shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin gwaji na wani kamfanin giya, aikina ɗanɗano: in kurɓa, in juya a baki, in faɗi abin da ya lalace tun kafin na'ura ta gano. Da aka rage ma'aikata aka haɗa da ni, na tattara kuɗin sallamata kaf na ce tukwane zan sayo, na ƙarfe marar tsatsa, guda uku, in riƙa dafa burukutun Inna cikin tsabta in ɗura a kwalba. Bizar kwana talatin aka ba ni. Ko in ga tukwanen nan a hanyar gida cikin kwana talatin, ko in koma da hannu biyu babu aiki babu jari.

A ɗakin masauki na buɗe kwalbar. Ruwa-ruwa ce, shinkafa ta yi mata yawa, ɗacinta ba ya kai wa maƙogwaro. Shi ya sa take arha. Kamfani ya sha aika ni ƙasashe, don haka bakina yana da abin da zai auna. Ta Kwatano masara ce ke tashi a cikinta, ga ɗan zaƙi-zaƙi, kuɗinta bai wuce namu ba. Ta Lome ita ce mai ɗaci mai tsabta, in ka haɗiye sai ka ji bakinka ya wanku, ta fi ta Kwatano tsada kuma ta cancanta. Ta Akara kumfa ce da kwalliya. Ta Addis tana da nauyi, ruwan dutse aka dafa ta da shi, amma ba za ta sa in yafe musu kuɗin filin jirgi ba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ko a gida Najeriya, kwalba ɗaya tambari ɗaya, wadda aka dafa a Kaduna daban take da wadda aka dafa a Legas, domin ruwan ba ɗaya ba ne. A Guangzhou ma na tarar da haka. Akwai wata mai koriyar kwalba, iri biyu a kanti ɗaya, ɗaya ta ninka ɗaya a kuɗi. Ban iya karanta rubutunsu ba, amma kurɓa ɗaya na gane mai tsadar daga arewacin ƙasar ta zo, inda ruwa ke da ƙarfi, mai arhar kuwa nan kusa aka dafa ta da ruwan kogi.

Sayen tukwanen bai ba ni wahala ba. A Foshan na same su, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu. Mai masana'antar, wanda kowa ke kira lawban, wato maigida, ya so ya haɗa ni da ƙarfe mai arha. Na ciro ɗan maganaɗisun da na taho da shi daga Kaduna na manna a jikin tukunyar, ya kama ƙam. Ƙarfen kirki marar tsatsa ba ya kama maganaɗisu, sai na ce a kawo wanda ba ya kamawa. Ya dube ni, ya dubi maganaɗisun, ya fashe da dariya ya sa aka buɗe wani ɗakin. A kwana na tara tukwanena uku suna tsaye, kowace ta fi ni tsawo. A ranar har rawa na taka ni kaɗai a ɗaki, don na ɗauka na gama.

Wahalar tana ginin Tianxiu, inda ofisoshin masu tura kaya suke. Mutanenmu na arewa haɗaka suke yi: mutum goma, sha biyar, kowa ya sayi kusurwarsa a kwantena ɗaya, ejan ya tura ta Legas, mota ta kwaso ta ta bi ta Kaduna har Kano. Da wannan lissafin na baro gida. Ofishi na farko da na shiga aka tarbe ni da fara'a, jin Hausa a bakina.

"Hajiya, sannu da zuwa. Daga Kano?"

"Daga Kaduna. Kuma ba Hajiya ba ce, Lami."

"To madalla. Me za a loda?"

"Tukwane uku na dafa giya."

Mutumin ya ajiye biron da ke hannunsa a hankali. Ya ce, "Baiwar Allah, a kwantenar nan akwai dardumar sallah, akwai hijabai, akwai carbi katan ashirin. In masu kaya suka ji, wallahi na rufe ofis ke nan."

"Tukwanen sababbi ne, ko ruwa ba su taɓa gani ba."

"Na sani. Niyyar ce."

Haka na bi hawa-hawa kwana huɗu. Wani ya ce wuri ya cika, alhali ina ganin allo an rubuta saura rabi. Wani ɗan Maraɗi ya yi ta ba ni haƙuri da Faransanci har na ji kamar ni ce na yi masa laifi. Wani kuwa sai ya janye kujerar da zan zauna. Kafin mako ya zagayo suna ya riga ni ko'ina. In na shiga lif sai hira ta mutu, in ji ana raɗa, "Ita ce mai giyar." Ni kuma in juya in ce, "Ni ce. Ina kwananku?" Ban taɓa sunkuyar da kai ba, amma kada in yi muku ƙarya, abin yana ci na. Harshenmu ɗaya da mutanen nan, tuwonmu ɗaya, a ƙasar da ko ruwan sha ban iya tambaya ba.

Na hau jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, na sauka na taka zuwa titin Guangyuan, wajen manyan kasuwannin tufafi, inda 'yan kudu ke da ejan nasu. Su ba ruwansu da abin da ke cikin kaya. Sai dai iyakarsu tashar Legas, kuma da suka ga girman tukwanen suka ce sai dai in kama kwantena guda ni kaɗai. Abin da suka yanka mini, ko na sayar da tukunya biyu ba zai kai ta ukun gida ba. Na fito na tsaya a bakin titi, mutane na bangaje ni da buhunan kaya, na ji kewar gida ta taso mini har idona ya cika.

Mutum ɗaya ce ta riƙe ni a kwanakin nan, Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, mai dafa abinci a wani ɗaki a hawa na sha biyu. Ranar da na fara zuwa, wasu maza biyu suka ɗauke kwanukansu suka koma can gefe. Ta gani, ta zubo mini tuwon shinkafa da miyar kuka ta zauna kusa da ni. Hausarsu ta Gana ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne.

"Ci abinci, 'yar'uwa, ka rame," in ji ta. "Kakata fito yake dafawa a Tamale, irin burukutunku. Wannan hannu da kake gani, kuɗin fito ya raine shi kafin ya je Makka. Kar ka kula su."

Ta so ta taimake ni da mutanenta, amma nasu kayan a tashar Tema ta Gana yake sauka, ba hanyata ba ce. Duk da haka kullum sai ta ƙara mini nama, in na yi magana ta ce in rufe baki.

Saura kwana takwas bizata ta ƙare wani ejan mai suna Bashari ya same ni a wurinta. Yana cikin waɗanda suka ce mini wuri ya cika. Yau kuwa har da "Anti Lami". Ya ja ni baranda ya sassauta murya.

Ga yadda maganar take. Wani babban ɗan kasuwar Kano, Alhaji Mudi, ya yi odar lemon malt ta hannun Bashari, irin baƙin nan marar maye, cikin kwantena guda, yana so ya isa kafin azumi don masu buɗa-baki. An kawo masa samfur ya sha ya yaba. Yanzu kaya sun iso sito, an buɗe kwalba ɗaya, hancinsa ya ji wani abu da bai kwanta masa ba. Shi ba zai kai baki ba, yaransa ba za su kai ba, duk ginin babu mai yarda ya ɗanɗana abin da ake shakka. Sai wani ya tuna masa da mai giya.

"Aiki ne na minti biyu, Anti," in ji Bashari. "Ki kurɓa ki ce masa daidai yake da samfur. Ni kuma tukwanenki, akwai kwantenar da zan loda ranar Laraba, zan tura su can ciki in rufe da katan, babu wanda zai sani."

"In kuma ba daidai yake ba fa?"

"Haba Anti. Lemo ne fa. Ke dai ki taimake ni in taimake ki."

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na ce mu je. A mota ina ta saƙe-saƙe, kuma gaskiya rabin zuciyata ta riga ta karɓi tayin. Mutanen da suka janye mini kujera, mene ne nawa in sun sha abin da suka sha?

Siton yana bayan gari, rufin kwano, zafi kamar gidan burodi. Alhaji Mudi dattijo ne siriri mai farin gemu, yana zaune a kan katan yana jan carbi. Ya amsa gaisuwata ba tare da ya ɗago sosai ba. Aka kawo kwalba biyu, ta samfur da ta cikin kaya, tambari ɗaya, launi ɗaya.

Na fara da samfur. Lemo ne mai kyau, tsiron sha'ir sosai, ruwa mai ƙarfi irin na arewacin ƙasar, an dafa shi an kashe duk wani abu mai rai a ciki. Na kurkure baki na ɗauki ta biyu. Tun kafin ta kai leɓena na ji warin da na tashi a cikinsa, warin ɗakin Inna a kwana na biyu da dahuwa. Na kurɓa. Ruwan kogi ne, sukari ya fi tsiro yawa, kuma can ƙarƙashin zaƙin akwai ɗan tsami mai tsinken harshe. Na ɗaga kwalbar ga haske, ga farin gari-gari kwance a gindinta.

Bashari yana tsaye bayan Alhaji yana yi mini ido. Na tuna tukwanena, na tuna kwana takwas. Sai kuma na hango wata tsohuwa a Kano ta kai azumi tun asuba, an kira magariba, ta buɗe wannan kwalbar da bismilla. Na shekara goma sha ɗaya ana biyana don in faɗi abin da bakina ya ji, ban taɓa sayar da shi ba ko ga manajan da ke iya korata. Ba a kan Bashari zan fara ba.

"Alhaji," na ce, "waɗannan biyun ba gida ɗaya aka dafa su ba. Na farkon daga nesa ya zo, ya fi tsada. Wannan nan kusa aka yi shi, a tukunyar da ake dafa giya, ba a wanke ta da kyau ba, ba a kuma dafa kwalbar ta kashe yis ɗin ba. Yana da rai. Yau ɗan kaɗan ne. In ya yi wata biyu a cikin ƙarfe a kan teku, abin da zai sauka Kano giya ce, mai arha ma kuwa."

"Ƙarya take yi!" Bashari ya daka tsawa. "Alhaji, maganar mai giya za ka ɗauka? Haushi take ji an ƙi ɗaukar mata kaya!"

"Mai giya ce shi ya sa na sani," na ce. "Kai da ba ka sha, da me ka gane lemo ne?"

Alhaji ya ɗaga hannu ya tsayar da mu. Ya ce, "Kina da hujjar da ido zai gani? Ni ba zan iya bin harshenki ba."

Na ce a ba ni leda biyu da zare. Na girgiza kwalaben har iskar cikinsu ta fice tas, na ɗaure wa kowace leda a baki, na jera su a taga inda rana ke bugawa. Haka Inna ke gane ko dahuwa ta kama. Na ce a bar su zuwa jibi, wadda ta mutu ledarta za ta kwanta, mai rai za ta hura tata. Alhaji ya sa aka kulle ɗakin, ya jefa makullin a aljihunsa.

A hanyar komawa Bashari bai ɗauke ni a motarsa ba. Ya leƙo ta taga ya ce in je in dafa giyata a Foshan, don tukwanen nan ba za su ga Najeriya ba muddin yana garin. Bas uku na hau kafin in kai Xiaobei. Kwana biyun nan ban iya cin abincin kirki ba, Hajiya Memuna tana ta faɗa. Ban yi nadama ba, amma na yi kuka, na kuma fara tambayar lawban ko zai karɓi tukwanensa a rabin kuɗi. Ya ce meyo, wato babu.

Ranar jibin Alhaji ya aiko mota. Bashari ba ya wurin, kuma ban ƙara ganinsa ba. Ledar samfur tana kwance yadda na bar ta. Ɗayar ta kumbura tam, tana tsaye a kan kwalbar. Alhaji ya daɗe yana kallonta yana salati a hankali. Ashe Bashari ya karɓi kuɗin masana'anta mai tsada ya kai aikin mai arha.

"Malama Lami," in ji Alhaji. Ranar ya fara kiran sunana. "Kin tsare ni daga abin da ban san yadda zan amsa shi gaban Allah ba. Kayan nan ba za su tafi ba. Na ji matsalarki. Kwantenar na riga na biya ta har Kano, jibi za ta shiga tashar jirgin ruwa ta Nansha, kuma zan cika ta da wasu kayan. Zan sa tukwanenki. Abu ɗaya kawai, a takarda za a rubuta tankin madara."

Ga abin da na yi kwana goma sha biyar ina nema, an ajiye mini a gaba. Amma sai na ji raina ya ɓaci fiye da ranar da aka janye mini kujera. Inna ta yi shekara talatin tana dahuwa a bayan gida, masu saye suna shigowa ta ƙofar baya, in sun gamu da ita a kasuwa su kau da kai. Ban ƙetare teku don in ci gaba da shiga ta ƙofar baya ba.

"Alhaji, shekaranjiya da na kira giya lemo, da yanzu tukwanena suna cikin kwantena. Ban yi ba, kuma kai ka ci amfanin haka. Yau kuma kai za ka ce in kira tukunyar giya ta madara? Ba ta madara ba ce. In za a rubuta, a rubuta abin da take."

"Ke kuwa kin cika taurin kai."

"Gado ne."

"Ni ba zan iya haɗa dukiyata da ita da wannan sunan ba. Ba zan iya ba."

"Ban ce dole ba. Na gode da mota."

Na ɗauki jakata. Na san na yi wa kaina, amma na kama hanyar ƙofa. Har na kai bakin sito ya ce in tsaya. Ya kira magatakardan siton, wani Basine mai jin Turanci, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya juyo, ba ni yake kallo ba, bango yake kallo.

"Na cire sunana daga kwantenar," ya ce. "Ba tawa ba ce yanzu. Ba zan sa ko allura a ciki ba, ba kuma zan karɓi ko kwabo daga hannunki ba, don kuɗin ba zai halatta gare ni ba. Wanda ya ga dama ya sa sunansa. Abin da ya rubuta a takarda, shi da Ubangijinsa."

Magatakardan ya turo mini takarda da biro. Na rubuta sunana cikakke. A layin kaya na rubuta tukwanen dafa giya, guda uku, da manyan baƙaƙe, na bi kansu sau biyu don kada wani ya ce bai gani ba.

Washegari da hantsi aka kawo su daga Foshan. Kwantena guda ɗungurungum, tukwane uku a tsakiya, sauran duk iska. Direban da zai kai ta Nansha ya leƙa ciki ya dube ni kamar mahaukaciya. Alhaji ya zo wai duba lemon da za a mayar, ya tsaya can nesa ya ba mu baya. Amma da ya ji ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe, sai ya ɗaga murya, bai juyo ba.

"Ku gaya musu su ƙara igiya! Haka ake ɗaure kaya? Teku za su shiga fa!"

Aka ƙara igiya. Aka rufe ƙofa, aka buga hatimi, aka miƙo mini lambar. Na taka har inda yake tsaye na ce, "Alhaji, na gode."

"Ban ji ba," in ji shi. "Kuma ban ga komai ba."

Sai na ja numfashi na sake faɗa da ƙarfi, yadda duk wanda ke cikin siton zai ji.